Gayyar Alƙalami: Ina Iyakar Taimako a Rubutun Kundin Digiri?

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri na biyu ko na uku a jami'o'in ƙasar nan zai tarar da wani shafi a can farko, kafin a kai ga sadaukarwa da godiya, wanda ba kasafai mai karatu kan tsaya a kansa ba. A wannan shafi ne ɗalibi yake shaidawa cewa aikin nasa ne, shi ya gudanar da binciken, shi ya rubuta, kuma duk abin da ya aro daga wani wuri ya ambaci mai shi. Sai ya sa hannu, ya sa kwanan wata. A shafin da ke biye, malaman da suka duba aikin su ma su sa nasu hannun. Layukan ba su wuce biyar ko shida ba, amma a kansu ne darajar takardar shaidar da jami'a za ta bayar ta rataya.

Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ma'anar "nawa" a wannan shafi? Ko shakka babu, ba a taɓa yin kundin da hannu ɗaya ya rubuta shi daga farko har ƙarshe ba. Malami mai dubawa ya bi shi da jan biro, ya soke wannan, ya ce a sake wancan. An gabatar da shi a taron ƙara wa juna sani na sashe, an yi masa kaca-kaca, ɗalibi ya koma ya ɗinke. Aboki ya karanta ya gyara Turanci, mai buga takarda ya daidaita shafuka. Duk wannan taimako ne, kuma babu mai hankalin da zai kira shi zamba. To, amma akwai wani taimakon da kowa ya san zamba ne, wato a biya wani kuɗi ya zauna ya rubuta babi biyar, ɗalibi ya karɓa ya liƙa sunansa. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili ne yawancin ɗalibanmu suke tafiya ba tare da kowa ya nuna masu inda iyaka take ba.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, bari mu saukar da ita a ƙasar Kagarko. Mu ɗauki malamin gona, ko malamin makarantar sakandare, daga Kagarko ko Jere ko Kubacha, wanda ya yi shekara goma yana aiki, sa'an nan ya nemi digiri na biyu a Zariya, ko a Keffi, ko a Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, wadda take da harabarta ta biyu a Kafanchan. Mai yiwuwa harshen da ya buɗe baki da shi Koro ne ko Gbagyi ko Fulfulde. Hausa ita ce ta kasuwa da tashar mota da hira da maƙwabta. Ingilishi kuwa, wanda da shi za a rubuta kundin, shi ne na uku, kuma tun da ya bar makaranta bai rubuta abin da ya fi takardar neman hutu da rahoton wata tsawo ba. Amma mutumin nan ya san abin da yawancin malamansa ba su sani ba. Ya san citta. Ya san lokacin da ake dasa ta a farkon damina, ya san yadda ake lulluɓe kunya da ciyawa, ya san yadda ake tsaga ta a shanya bayan an haƙa. Yana nan a 2023 lokacin da cutar nan ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da sauran yankin, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona suka tashi hannu rabbana. Idan ya ce zai yi bincike a kan yadda wannan annoba ta taɓa rayuwar manoma, to, da wuya a sami wanda ya fi shi cancanta.

Sai aka zo babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya cije. Ya tara takardu, ya karanta, ya fahimci wasu, amma yadda zai jera su su zama magana ɗaya mai kai da gindi ya gagara. Ya kai wa malaminsa, bayan wata biyu aka dawo masa da shi da kalma biyu a gefen shafi, ba tare da an nuna masa yadda zai yi ba. Wa'adin karatu yana ƙarewa, hutun da ma'aikatarsa ta ba shi yana ƙarewa, kuɗin makaranta na sabuwar shekara yana jira. A wannan hali ne wani zai raɗa masa cewa akwai wani yaro a shagon buga takardu kusa da ƙofar makaranta, wanda yake "taimaka wa" mutane. Ban kawo wannan misali don in wanke shi ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa wanda yake tsaye a bakin wannan iyaka ba lallai ne malalaci ko ɗan damfara ba.

Hujja mafi ƙarfi da na taɓa ji daga masu kare wannan ɗabi'a ita ce ta gayya. Suna cewa mu ba Turawa ba ne da za a ce kowa tasa ta fisshe shi. Al'adarmu ta taimakon juna ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum, yakan kira gayya, matasa su taru su nome masa, kuma idan kaka ta yi, babu mai cewa hatsin ba nasa ba ne. Me ya sa za a yarda da gayyar fartanya a hana gayyar alƙalami?

Hujjar tana da daɗin ji, amma tana da ramuka biyu. Na farko, gayya ba a ɓoye ake yin ta ba. Da kiɗa ake yi, da rana tsaka, gari duk ya san ranar gayyar wane, ya san waɗanda suka je, mai gona kuma ya ciyar da su a bainar jama'a. Ba a taɓa jin wanda aka yi wa gayya ya je gaban mai gari ya rantse cewa shi kaɗai ya nome gonarsa ba. Rami na biyu ya fi zurfi. Abin da ake nema a gona hatsi ne, kuma hatsi bai damu da hannun da ya nome shi ba. Kundin digiri kuwa ba shi ne amfanin gonar ba. Amfanin gonar shi ne mutumin. Jami'a ba ƙarancin takardu ne yake damunta ba, ɗakunan karatunmu cike suke da kundaye masu baƙar fata da shuɗiya waɗanda ƙura ta rufe. Dalilin da ya sa ake tilasta wa ɗalibi ya sha wahalar rubutu shi ne a samar da mutumin da ya iya tsara tambaya, ya nemo amsa, ya auna hujja, ya san inda saninsa ya tsaya. Kundin alama ce kawai cewa an sami wannan mutum. Saboda haka kwatancin da ya fi dacewa ba gona ba ce, maƙera ce. Idan maƙeri ya ce wa yaronsa ya ƙera lauje don a ga ko ya isa ya buɗe tasa maƙerar, yaron ya zagaya kasuwa ya sayo lauje ya kawo, to, laujen na iya zama mai kyau ƙwarai, amma ba a sami maƙeri ba.

Ba daidai ba ne ma a ce ambaton wanda ya taimaka baƙon abu ne da boko ya kawo mana. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannun kowanne. Waƙar nan Tabbat Haƙiƙa, masana sun nuna Shehu Usmanu ne ya tsara ta da Fulfulde, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan a aiki ɗaya, kuma kusan shekara ɗari biyu bayan haka mun san rabon kowa. Idan muka gangaro zamanin boko, ɗaliban Hausa sun san rawar da Rupert East ya taka a Zariya wajen gyara littattafan da suka fito daga gasar 1933, sun san kuma zaman da ya yi da Abubakar Imam lokacin rubuta Magana Jari Ce. Inda aikinsa ya tsaya a shawara da gyara, sunan marubuci kaɗai ya fito. A Jiki Magayi kuwa, inda hannunsa ya shiga cikin rubutun sosai, sunansa yana nan tare da na John Tafida. Ana iya muhawara a kan ko East ya wuce gona da iri a wasu wurare, kuma an yi, amma muhawarar ta yiwu ne domin ba a ɓoye hannunsa ba.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni na farko, mai sauƙi. Duk taimakon da ɗalibi zai iya rubutawa a shafin godiya da sunansa na gaskiya, ba tare da gabansa ya faɗi ba, da alama halattacce ne. "Ina godiya ga wane da ya karanta babi na huɗu ya gyara mini nahawu." Wannan ana iya rubutawa. "Ina godiya ga wane da ya koya mini yadda ake amfani da manhajar lissafi." Wannan ma haka. "Ina godiya ga wane da ya rubuta mini babi na biyu da na uku a kan kuɗi kaza." Ba a taɓa ganin wannan a kundi ba, kuma dalilin rashin ganinsa shi ne amsar tambayar.

Sai dai wannan ma'auni bai warware komai da komai ba, domin wurin da ya fi wuya shi ne gyaran harshe, wanda kowa yake ɗauka ba shi da matsala. Ana yawan magana kamar tunani daban, harshe daban, wato tunani shi ne mutum, harshe kuwa riga ce da ake iya kai wa tela ya rage ko ya ƙara. A ganina wannan gaskiya ne har zuwa wani wuri kawai. Idan mai gyara ya daidaita harafi, ya sa waƙafi inda ya dace, ya mai da aikatau lokacin da ya kamata, riga ya taɓa. Amma mu koma ga ɗan Kagarkonmu. Ya rubuta jimla mai karkata wadda ba a gane ko yana nufin yawan ruwan sama ne ya haddasa ruɓewar citta, ko kuwa yana nufin an ga abubuwan biyu sun zo tare. Mai gyara, don jimla ta yi kyau, ya zaɓi "ya haddasa". Jimla ta miƙe, amma yanzu kundin yana da'awar abin da binciken bai tabbatar ba, kuma ba ɗalibin ne ya yanke wannan hukunci ba. Sau da yawa karkatar jimla alama ce cewa tunanin bai nuna ba tukuna. Wanda ya miƙar da jimlar ba tare da ya tambayi mai ita ba, ya ɓoye ɗanyen tunani ne a ƙarƙashin kyakkyawan Turanci. Wannan bai tsaya ga masu rubutu da Ingilishi ba. A sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato, inda ake rubuta kundaye da Hausa, malamai sun san cewa iya magana da harshe daban yake da iya kafa hujja da shi a takarda.

To, a hana gyaran harshe ke nan? A'a, wannan zalunci ne. Ɗan da ya tashi a gidan da ake Turanci, ya yi makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja, ya shigo da jarin da bai yi wahalarsa ba. Idan aka ce kowa ya tsaya da ƙafarsa, an hukunta ɗan Kubacha ne a kan laifin makarantar firamaren da ba shi ya gina ta ba, alhali abin da ake son aunawa shi ne zurfin bincikensa a kan citta. Abin da nake gani shi ne, bambancin ba ya ga yawan gyaran, yana ga yadda aka yi shi. Mai gyaran da ya karɓi kundi ya tafi da shi gida, ya dawo da shi sumul bayan mako guda, ya yi wa kundin aiki. Wanda ya zaunar da ɗalibi a gefensa, ya sa yatsa a kan jimla ya ce, "Malam, me kake nufi a nan? Faɗa mini da Hausa," sa'an nan ya bar shi ya sake rubutawa da kansa, ya yi wa ɗalibin aiki. Na farko ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na biyu ne kaɗai zai sa babi na gaba ya fi na baya sauƙi.

Tsohon masanin falsafar nan na Girka, Sokuratis, yakan kwatanta aikinsa da na ungozoma, wadda ita ce sana'ar mahaifiyarsa. Kwatancin ya zauna daidai a kunnen Bahaushe. Ungozoma takan tsaya tare da mai naƙuda, ta ƙarfafa ta, ta yanke cibi, ta yi wa jariri wanka, kuma babu mai raina aikinta. Amma naƙudar ta mai ciki ce. Ranar da aka ce ungozoma ta ɗauko jaririn wata ta shimfiɗa a gefen wadda ba ta haihu ba, sunan abin ya canza.

Akwai masu cewa, to, ko da zamba ce, wa aka cuta? Ɗalibi ya sami takardarsa, yaron shago ya sami kuɗin cefane, malami ya rage nauyi, jami'a ta yaye ɗalibi. Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, ba tsawa ba. Wanda aka ɗauka haya ya rubuta kundi a kan manoman citta ba zai hau mota ya je Kagarko ba, domin kuɗin da aka ba shi bai kai ba, kuma ba abin da ya dame shi ke nan ba. Takardun tambayoyi ɗari biyu da aka ce an raba wa manoma, a kan teburinsa zai cike su, ko ma ya tsallake wannan wahala ya ƙirƙiro alƙaluman kai tsaye, ya daidaita su yadda za su ba da sakamakon da ake so. Kundin ya wuce, ya shiga ɗakin karatu, yanzu ma har ya hau intanet. Bayan shekara biyu wata ɗaliba mai gaskiya ta zo tana bitar ayyukan da suka gabata, ta ɗauki alƙaluman nan ta gina nata a kai. Wata rana wani jami'i da yake neman abin da zai dogara da shi wajen rabon iri ko tallafi ya ci karo da su. Manomin da aka ce an tambaya, ba a tambaye shi ba, amma an yi magana da yawunsa. Wannan ita ce cutar da ba a gani, domin wanda aka yi wa ita bai san an yi ba.

Cuta ta biyu tana zuwa a hankali. Mai digiri na uku da bai rubuta kundinsa ba gobe shi ne malamin jami'a, shi za a ba ɗalibai goma ya duba. Me zai rubuta a gefen shafinsu? Wanda bai taɓa fama da babi na biyu ba, ba shi da abin da zai gaya wa wanda ya cije a babi na biyu, sai dai kalma biyun nan, ko kuma, in abin ya lalace, ya nuna masa hanyar shagon. Haka abin yake haihuwar kansa. Shi ya sa wasu ƙasashe ba sa ɗaukar lamarin da wasa. A Jamus, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta janye digirinsa na uku saboda kwafe ayyukan wasu ba tare da ambato ba. A 2013 ministar ilimi Annette Schavan ta bi sahu, a kan kundin da ta rubuta tun 1980. A Ingila kuwa, tun 2022 doka ta mai da sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki don kuɗi laifi.

Amma zai zama rashin adalci a tsaya a kan ɗalibi kawai, kamar shi kaɗai ya sa hannu a shafukan nan na farko. Jami'ar da ta ɗauki mutum, ta karɓi kuɗinsa, ta san sarai daga irin makarantun da ya fito, ita ma ta ɗauki alkawari. Me take ba shi? Galibi kwas ɗaya na hanyoyin gudanar da bincike, a zango ɗaya, a aji mai cunkoso, inda ake bayanin nau'o'in bincike amma ba a taɓa sa shi ya rubuta sakin layi ɗaya a gyara a gabansa ba. Bayan haka sai a haɗa shi da malamin da yake koyarwa a aji huɗu, yake riƙe da muƙamin sashe, yake duba ɗalibai fiye da yadda lokacinsa zai ɗauka. A ƙara da yajin aikin malamai, na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, waɗanda suka bar ɗalibai da yawa da rabin kundi a hannu ba mai dubawa. Ba na ɗora wa malamai laifi a nan, domin na san halin da suke ciki. Abin da nake cewa shi ne, an ɗauka rubutun ilimi abu ne da mutum yake tsinta a hanya, kamar yadda yaro yake tsintar harshen uwa, alhali sana'a ce da ake koya. Duk inda aka bar buƙata ba a biya ba, kasuwa za ta biya ta da nata farashin.

Maganin da aka fi rungumar sa shi ne manhajar gano kwafe, irin su Turnitin. Tana da amfani, amma ta haifar da wani abin mamaki. Ɗalibi yanzu ba ya tambayar ko ya yi gaskiya, yana tambayar kashi nawa cikin ɗari na'ura ta nuna. Idan ta wuce iyakar da makaranta ta gindaya, sai a kai wa mai "rage kashi", ya bi jimlolin yana musanya kalmomi har lamba ta sauko. Satar tana nan daram, an dai sauya mata tufafi. Kundin da aka saya kuwa, in mai rubutun gwani ne, zai wuce na'urar lafiya lau, domin sabo ne fil. Daga ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan'uwansa sun shigo, masu iya zubo babi guda kafin shayi ya huce. Ba na cikin masu ganin wannan ya canza tambayar. Ɗalibin da ya sa na'ura ta nuna masa kuskuren nahawunsa, ko ta yi masa bayanin abin da bai gane ba, ya bi ya tantance, ya kuma ambata in makarantarsa ta yarda, yana wuri ɗaya da mai aboki mai gyara. Wanda ya ce ta rubuta masa, yana wuri ɗaya da mai zuwa shago, da ƙarin haɗari guda, domin an san na'urorin nan da ƙirƙiro sunayen littattafai da maƙalun da ba a taɓa rubutawa ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa tsoratarwa kaɗai ba ta isa ba. Jami'o'in Amurka da yawa suna da cibiyar rubutu, ɗaki ne da ɗalibi zai shiga da daftarinsa ya zauna da wanda aka horar, kuma ƙa'idar wurin ita ce mai taimako ba ya riƙe alƙalami. Afirka ta Kudu ta ɗauki wannan tsari a tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da jami'o'inta suka buɗe ƙofa ga ɗimbin ɗaliban da Ingilishi ba harshensu na gida ba ne, wato halin da ya yi kama da namu. Ba abu ne mai cin kuɗi kamar ɗakin gwaje-gwaje ba. Kuma in an lura, ba baƙo ba ne a wurinmu. Karatun zaure haka yake tafiya: ɗalibi ya karanta da bakinsa a gaban malam, malam ya tsayar da shi inda ya karkace, sauran ɗalibai suna ji suna ƙaruwa. Ɗalibai shida 'yan yanki ɗaya, da suke zaune tsakanin Kagarko da Kwoi da Kafanchan, in suka sa rana ɗaya a wata suka haɗu, kowa ya karanta shafi uku na aikinsa da ƙarfi, sauran suka yi masa tambaya har ya faɗi abin da yake nufi, sun kafa cibiyar rubutu ko da babu allo a ƙofa. Wannan ita ce gayyar da ta halatta, domin kowa da fartanyarsa a tasa kunyar.

Akwai mutum ɗaya da ba a cika kallonsa a wannan magana ba, shi ne yaron shagon. Sau da yawa mai digiri ne da ya fita da sakamako mai kyau bai sami aiki ba. Ya rubuta kundaye a fannin ilimi da tattalin arziki da aikin gona, wasu sun zama shugabanni da guminsa, shi kuwa sunansa ba ya ko'ina. Abin da yake yi ba daidai ba ne, kuma ya sani. Amma baiwar da yake sayarwa a ɓoye ita ce ainihin wadda jami'a take buƙata a sarari. Da sassa za su ɗauki irinsa, su horar da shi, su ba shi tebur da ɗan alawus da ƙa'idar cewa yana tambaya ne ba ya rubutawa, da an mai da ɓarawon kundi malamin rubutu. Kuɗin da zai samu ba zai kai na shago ba, wannan gaskiya ne, kuma ba duka ne za su yarda ba.

Abin da ya rage a hannun malamai, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi, shi ne ranar kare kundi. An fi mai da ita ranar duba girman harafi da tsarin manazarta, alhali ita ce damar da ta fi kowace a gane hannun da ya yi aiki. Mai jarrabawa na waje ya rufe kundin ya ajiye gefe, ya tambayi ɗan Kagarkon nan a wane ƙauye ya fara hira da manoma, wa ya ƙi amsa masa kuma don me, wace amsa ce ta ba shi mamaki har ya koma ya sake tambaya, me ya sa ya jefar da hasashensa na farko. In Turancin ya sarƙe masa, a bar shi ya fara da Hausa na minti biyu kafin ya koma. Tambayoyi huɗu irin waɗannan ba za su ci fiye da rubu'in sa'a ba, kuma ana iya yin su tun a matakin gabatar da tsarin bincike, lokacin da sauran wa'adin da za a gyara.